Jirgi ya girma, kogi ya ragu

Jama'a, babban jirgin katakon nan da muke gani a bakin kogi a Gaya da Ayoru, mai kwasar maigida da mata da yara har da buhunan hatsi, ba shi muka gada ba. Na kakanni gungumen maɗaci ne da aka fafe, ko biyu da aka ɗinke da igiya. Basarke, ɗansa, taru da filafili, ya cika ke nan.

Da manyan itatuwa suka yi wuya, sai aka koma ga katako da ƙusa, irin aikin masassaƙan Yawuri. Daga baya inji ya shigo, gida guda ya iya tashi ɗungurungum ya bi kifi wata da watanni.

Amma fa kogin bai bi jirgin ya girma ba. A watan Yunin 1985 ruwa ya tsaya cak a Yamai, kuma har gobe rairayi cike shi yake. Babban jirgi zurfi yake so, ga kuɗin esansi, ga bashin inji. Da rani sai ka gan shi kafe a tudu, ƙaramin da aka rena ke fita neman abin miya.