Jarumtar da ta zama tarko

A Yunin 2013, a filin tseren babura na Assen da ke Holan, Jorge Lorenzo ya faɗi ranar Alhamis ya karya ƙashin kafaɗa. Aka yi masa tiyata a Barcelona, likitocin gasar MotoGP suka sahale masa, ranar Asabar ya hau babur ya zo na biyar. Duniya ta yi ta tafi.

Bayan shekara bakwai, Marc Márquez ya karye a damtse a Jerez. Kwana huɗu da tiyata ya koma fili da izinin likitoci. Hannun ya ƙi. Bai sake tsere ba sai Afrilun 2021, tiyata kuwa sai da ta kai huɗu.

Mahayi na tsoron rasa maki, kamfani na tsoron rasa kambu. Gatan mahayi shi ne likitan da zai iya cewa a'a.