Wa ya ce shara ta ɗiya mace ce? Tarihin rabon aiki a gidajenmu

In aka tambaye mu dalilin da ya sa ɗiya mace ke wanke-wanke ƙanenta na wajen ƙwallo, amsarmu guda ce: haka muka gada. To bari mu duba abin da muka gada ɗin.

A zamanin kakanninmu, daga ƙasar Katsinar Maradi har Damagaram da Adar, babu yaron da ke zaune. Ɗa namiji in ya kai shekara 6 ko 7 sai ya bi ubansa gandu, ya yi kiwon awaki, ya yiwo ciyawa, ya kori tsuntsu a gona. Ɗiya mace tana bayan uwarta: goyon ƙane, ɗibar ruwa, surfe da daka. A karkarar Maradi mata ma suna noma, suna da gamanarsu ta kansu ban da gandun gida. Kuma wasu ayyukan da yau muke cewa na mata, na maza ne a da. Mace ke kaɗin zare, amma masaƙi namiji ne, haka marini da maɗinki. Aiki a rabe yake, amma kowa da kayansa bisa kai.

A 1905 Faransa ta fitar da dokar hana cinikin bayi a ƙasashen da ta mallaka a Afirka ta Yamma. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, wadda ta yi bincike a Maradi, ta nuna cewa a manyan gidaje aikin da bayi mata ke yi, daka da ruwa da icce, ya koma kan matan aure da ɗiyansu. Da kulle ya ƙara yaɗuwa a birane, uwa tana ciki tana soya ƙuli-ƙuli ko dama fura, ɗiyarta ce ƙafarta: ita ce talla, ita ce aike kasuwa.

Sai fari na 1973 zuwa 1974, da na 1984. Dabbobi suka mutu, gonaki suka gaza, maza suka bazu cin rani Kano, Legas da Abijan, iyalai da dama suka kwararo birni. Nan ma'auni ya karkace. Yaron birni ba shi da gandu, ba shi da garke, aikinsa ya ragu ƙwarai. Ita kuwa ɗiya mace tukunyarta ta biyo ta har Yamai. Injin niƙa da famfo sun rage wahala, gaskiya ne, amma shara, wanki da reno suna nan, ga lakwal an ƙara mata bisa kai.

Mu uwaye muka ci gaba da faɗin maganganun da aka faɗa muna, alhali gonar da ta sa aka faɗe su babu ita. Yaro ya ɗauki tsintsiya, mu ce aje, kai ba mace ba ne. Ya leƙa madafa, mu kira shi ɗan daudu. Yarinya ta ƙona tuwo, mu ce haka za ki yi gidan miji? Da waɗannan kalmomi yaro ke koyon cewa hidimar gida ƙasƙanci ce. Abin mamaki, yaron nan in ya girma shi ne mai shayi, mai tsire, mai wanki da guga, ko ga-ruwa. Ashe hannunsa ya iya, in dai za a biya shi.

Addini ma bai ba mu wannan hujja ba. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi hidimar iyalinsa a gida. Shehu Usman ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu a 1754, ya yi faɗa da mazan da ke barin matansu da ɗiyansu mata cikin jahilci suna mora su da aiki kawai.

Ranar 13 ga Mayu 1991 matan Nijar suka yi jerin gwano a Yamai don a ba su kujeru a shirin babban taron ƙasa, shi ya sa muke bikin ranar kowace shekara. Amma kujera a majalisa daga tsakar gida take farawa. Yarinyar da ta tashi da asuba ta yi shara, ta dawo lakwal ta ɗora tukunya, da wane ƙarfi za ta yi bitar BEPC? In ta faɗi, mu ce ba ta da kai, mu nemo mata miji.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu raba aiki da adalci: wanda ya ci ya wanke kwanonsa, ɗa namiji ya wanke tufafinsa, ya ɗebo ruwa, ya riƙe ƙanensa, ɗiya mace ta samu lokacin littafinta. Kakanninmu ba su bar yaro zaune ba, mu ne muka fara. Allah shi shirya muna zuri'a.