Shekara 180 Ana Tono Asali a Birnin Boston

A shekarar 2025 ƙungiyar da ta fi kowace ƙungiyar binciken salsala daɗewa a Amurka ta cika shekara 180 da kafuwa. Sunanta na yanka New England Historic Genealogical Society, ko da yake yanzu an fi saninta da American Ancestors, kuma mazauninta yana kan titin Newbury a birnin Boston. Wanda ya shiga ginin a yau ya ga hawa bisa hawa cike da kundaye, da wuya ya yarda cewa mutum biyar ne suka ɗora harsashinta a ƙarshen 1844, suna haɗuwa a gidajen junansu, ba ofis ba asusu. A watan Maris na 1845 majalisar jihar Massachusetts ta ba su takardar izinin zama ƙungiya.

Ya kamata a ambaci mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, domin halinsu ne ya zama halin ƙungiyar. Charles Ewer, wanda suka naɗa shugaba na farko, ɗan kasuwa ne da ya taɓa sana'ar littattafai, kuma shi ne babbansu a shekaru. William Henry Montague shi ma ɗan kasuwa ne. John Wingate Thornton lauya ne, ƙaraminsu, bai kai talatin ba a lokacin. Samuel Gardner Drake yana da shagon tsofaffin littattafai a Boston, irin shagon da masu son tarihi ke shiga da safe su manta da abincin rana, kuma ya riga ya yi suna da rubuce-rubucensa a kan ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar. Sai Lemuel Shattuck, wanda ni dai a ganina shi ne ruhin tafiyar. Shattuck ya rubuta tarihin garin Concord a 1835, kuma a wajen wannan aiki ne ya ga da idonsa yadda rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta garuruwa take a hargitse: wani magatakarda ya rubuta, wani ya yi sakaci, wani littafin ruwa ya ci shi. Abin ya tsaya masa a rai. Ya matsa wa jiharsa lamba har ta yi dokar rajista a 1842, ya tsara ƙidayar mutanen Boston ta 1845, aka kuma gayyace shi Washington ya taimaka wajen shirya ƙidayar ƙasa ta 1850, wadda ita ce ta farko da ta rubuta sunan kowane mutum mai 'yanci a cikin gida maimakon sunan maigida kaɗai. Rahotonsa na 1850 a kan tsabta da lafiyar jama'a har gobe ɗaliban kiwon lafiya suna karanta shi. Mutum ne da bai yarda da "an ce" ba, kuma wannan ɗabi'a ya shigo da ita cikin ƙungiyar tun ranar farko.

Boston ba ta rasa ƙungiyar tarihi ba a wancan zamani. Massachusetts Historical Society tana nan tun 1791, sai dai ta ƙayyade yawan membobinta, kujerunta kuma na manyan gari ne, hankalinta yana kan gwamnoni da malaman coci da yaƙe-yaƙe. Su waɗannan biyar tarihin manomi da masunci da kafinta suke nema, wa ya haifi wa, daga wane ƙauyen Ingila kakansa ya taso, ina 'ya'yansa suka watsu. Lokacin ma ya ƙure musu, domin samari suna ta ƙaura zuwa yamma, tsofaffin da suka san labari suna ta mutuwa, takardun gado suna ruɓewa a ɗakunan ajiya.

Taronsu na wata-wata, wanda aka saba yi ranar Laraba, shi ne ya riƙe ƙungiyar shekara da shekaru. Tsarinsa bai cika canzawa ba. Mai kula da ɗakin karatu zai miƙe ya karanta abin da aka kawo kyauta tun zaman baya: littafi kaza daga wane, wasiƙun iyali daga wance, kwafin rubutun da ke kan duwatsun wata maƙabarta da wani memba ya durƙusa cikin ciyawa ya kwafe harafi bayan harafi. Sakatare zai karanta wasiƙun da suka zo daga nesa, yawanci na masu neman kakan da ya ɓace musu. Daga baya suka naɗa wani jami'i na musamman wanda aikinsa shi ne rubuta tarihin duk memban da ya rasu, a karanta a gaban 'yan'uwansa, kuma waɗannan rubuce-rubuce sun taru har aka buga su kundi-kundi. Bayan haka sai mai jawabin ranar ya gabatar da maƙalarsa, a yi masa tambayoyi, wani lokaci a yi gardama mai zafi a kan ko John ɗin da ya yi aure a wannan gari shi ne John ɗin da aka binne a wancan. Gardamar ba ta wasa ba ce. Iyalan wancan zamani sukan mayar wa jariri sunan yayansa da ya rasu, don haka gida ɗaya yana iya samun yara biyu ko uku masu suna ɗaya. Ga kuma rikicin kalanda, domin kafin 1752 sabuwar shekara a ƙasashen Ingila tana kamawa ne ranar 25 ga Maris, wanda bai lura ba sai ya tarar an haifi yaro kafin auren iyayensa, ko an binne mutum kafin ya rubuta wasiyyarsa.

A watan Janairu na 1847 suka fara buga mujallarsu, wadda kowa ke kira Register a taƙaice, sau huɗu a shekara. William Cogswell ne editan farko, amma Drake ne ya ɗauki nauyinta a shekarun da ba ta mayar da kuɗin bugu. Yaƙin basasar Amurka ya zo ya wuce, yaƙin duniya biyu suka zo suka wuce, mujallar tana fitowa. Babu wata mujallar salsala a ƙasar da ta kai ta tsawon rai.

Zamanin da duk mai ƙaunar ƙungiyar yake tunawa da alfahari shi ne na Marshall P. Wilder, wanda ya shugabance ta daga 1868 har rasuwarsa a 1886. Attajiri ne mai son lambu, sanannen mai renon itatuwan 'ya'yan marmari, kuma ya san ƙofar kowane mai hannu da shuni a Boston. Kafin zuwansa ƙungiyar 'yar haya ce, tana yawo da littattafanta daga wannan ɗaki zuwa wancan. Shi ya bi abokansa ɗaya-ɗaya har aka tara kuɗin sayen gida a titin Somerset, aka tare a 1871. A wannan zamani ne kuma, a 1870, edita Albert Harrison Hoyt ya fito da tsarin rubuta zuriya da har yau ake kira da sunan mujallar. Ana ba kakan farko lamba ɗaya, a jera 'ya'yansa bi da bi da ƙananan lambobin Romawa, duk ɗan da za a bi zuriyarsa a gaba sai a ƙara masa tasa lambar, ta yadda mai karatu zai iya sa yatsa a kan tattaɓa-kunne ya bi lambobi baya-baya har ya isa kan mutumin da ya sauko daga jirgin ruwa. Kafin nan kowane marubuci da irin nasa salon, mai karatu kuma ya yi ta lalube. Sai John Ward Dean, wanda ya riƙe mujallar fiye da shekara ashirin har rasuwarsa a 1902, ya tsare ƙa'idar nan ta cewa kowace magana sai da shaidarta.

Ƙa'idar ta yi amfani, domin a lokacin akwai 'yan damfara da ke sayar wa sababbin attajiran Amurka salsalar ƙarya, su liƙa kakan mutum da gidan sarautar Ingila, kamar maroƙin da ke ƙara wa mai kyauta kakanni gwargwadon nauyin aljihunsa. Amsar ƙungiyar ita ce ta tura mutum ya je ya gani. A 1883 Henry FitzGilbert Waters ya tafi Landan da kuɗin da aka tara masa, ya zauna a Somerset House inda a lokacin ake ajiye tsofaffin wasiyyoyi, ya yi ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, yana tsamo duk wadda ta ambaci ɗa ko ƙane ko 'yar'uwa da ke hayin teku. Aiki ne mai cin ido, ga rubutun ƙarni na 17 mai ƙugiya-ƙugiya, ga ƙura. A 1885 haƙurinsa ya biya. Jami'ar Harvard ta yi kusan shekara 250 tana ɗauke da sunan John Harvard, matashin malamin da ya rasu a 1638 ya bar mata littattafansa da rabin dukiyarsa, amma ba wanda ya san iyayensa. Waters ya gano cewa ɗan wani mahauci ne mai suna Robert Harvard a unguwar Southwark, an yi masa baftisma a 1607, mahaifiyarsa Katherine Rogers kuma 'yar garin Stratford ce. Bayan shekara huɗu ya warware kullin asalin dangin George Washington a Ingila. Gani ya kori ji. An tattara binciken nasa a manyan kundaye biyu a 1901, kuma har yanzu ana buɗe su.

Gaskiya ne ƙungiyar ta daɗe tana kallon zuriyar Turawan Ingila kawai, alhali Boston ta cika da 'yan Ireland da Italiya da Yahudawa, kuma sai a 1898 ta fara karɓar mata. Haka kusan duk ƙungiyoyin ilimi na wancan zamani suke, matan kuwa da suka shigo ba su ɓata lokaci ba wajen kama aikin kwafe rajista da tsara fihirisa. Daga 1902, da gadon da wani memba Robert Henry Eddy ya bari da kuma tallafin jiha, aka shiga buga rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta garuruwan Massachusetts har zuwa 1850, gari bayan gari, ana cike giɓin littafin magatakarda da littafin coci da dutsen kabari da abin da iyalai suka rubuta a bangon Littafi Mai Tsarki na gidansu. Mazaunin ƙungiyar kuma ya koma Ashburton Place a 1912, sannan titin Newbury a 1964, cikin wani tsohon ginin banki.

Littafin Alex Haley mai suna Roots, wanda ya fito a 1976, da fim ɗinsa na talabijin a 1977, sun sa Amurkawa na kowane launi suka tashi neman kakanninsu, ɗakin karatun ƙungiyar ya cika da sababbin fuskoki. A 1988 Robert Charles Anderson ya fara gagarumin aikin rubuta tarihin kowane mutum cikin kusan 20,000 da suka ƙaura zuwa New England tsakanin 1620 da 1640: garinsu, shekarar zuwansa, sana'arsa, gonarsa, matarsa, 'ya'yansa. Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne inda ba a sami shaida ba, ƙarara yake rubuta cewa ba a sani ba, ko da kuwa jikoki sun yi shekara ɗari suna tutiya da wani labari. Da intanet ta zo, kundayen suka hau shafin ƙungiyar, aka ƙara da takardun Yahudawan yankin, sannan daga 2017 aka fara ɗora rajistar cocin Katolika ta Boston, wato sunayen baƙin nan da a da ba a waiwaye su ba.

Inda nake ganin ƙungiyar ta fi cancantar a tsaya mata a yau shi ne batun bayi. Ƙidayar 1850 da Shattuck ya taimaka aka tsara ta rubuta sunan kowane ɗa, amma bayi an jera su ne a wata takarda dabam ƙarƙashin sunan ubangijinsu, shekaru da jinsi da launin fata kawai, ba suna. Haka aka sake yi a 1860. Saboda haka baƙar fatar Amurka da ke bin salsalarsa yakan tafi lafiya har ƙidayar 1870, daga nan hanya ta toshe. Maganin wannan shi ne irin aikin da Waters ya yi a Landan, a bi wasiyya da takardar rabon gado da rasit ɗin ciniki da littafin gandu, inda aka rubuta sunan mutum kusa da kuɗin da aka yi masa. A 2019 ƙungiyar ta fito da sakamakon bincike a kan mutum 272 da limaman Jesuit na Maryland suka sayar zuwa Louisiana a 1838 don biyan bashin kwalejin Georgetown, tare da zuriyarsu. A 2023 ta ƙaddamar da shirin 10 Million Names, da niyyar dawo da sunayen mutum kusan miliyan 10 'yan asalin Afirka da aka bautar a ƙasar daga ƙarni na 16 zuwa 1865, tana aiki tare da ƙungiyoyin baƙar fata da suka riga ta shiga wannan fage.

Mu ma 'yan Afirka ta Yamma muna da rabo a takardun Massachusetts. Nicholas Said, wanda aka haifa a Kukawa ta Borno da suna Muhammad Ali, aka kama shi yana yaro aka ƙetare Sahara da shi, ya ratsa Istanbul da Rasha kafin ya isa Amurka yana ɗa, ya shiga runduna ta 55 ta jihar a 1863, kuma mujallar Atlantic ta Boston ta buga labarinsa a 1867. Shi ya yi sa'a ya iya rubutu ya bar wa duniya sunansa da na garinsu. Mafi yawan waɗanda aka kwasa daga Afirka ta Yamma ba su sami wannan dama ba, sunayensu suna warwatse a ɗakunan ajiyar kotunan ƙananan hukumomi da akwatunan iyalai. Tsamo su yana buƙatar kuɗi, da masu haƙurin karanta tsohon rubutun hannu, da iyalan da za su yarda su buɗe akwatunan, ciki har da jikokin waɗanda suka mallaki bayin. Ƙofar zama memba a buɗe take ga kowa, ko a wace ƙasa yake zaune.