Daga Tukunyar Bugazau zuwa Kwalba: Giyar Hatsi da Hukuncinta a Tarihin Kano

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halatta daɗaɗan abubuwa, Ya haramta munana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A farkon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, Palmer kuma ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, an lissafa manyan mutanen da ke zaune a gindin dutsen Dala a zamanin Barbushe, kafin zuwan Bagauda. Kowane ɗayansu an ambace shi da aikinsa. Gijigiji maƙeri ne, Hanburki mai magani, Jandodo sarkin makaɗa, Maguji mai haƙo tama da narkar da ita, Bugazau kuwa shi ne mai dafa giya. Ɗalibai sukan wuce wannan suna na ƙarshe da sauri, hankalinsu na kan Tsumburbura da baƙin bunsurun da ake yanka mata. To amma wurin ya cancanci a tsaya. Littafin dai bai kammalu ba sai a ƙarshen ƙarni na 19, abin da ya kawo game da zamanin Barbushe kuma ruwayar baka ce da ta daɗe tana yawo. Duk da haka, ruwayar ta ajiye mai giya a sahu ɗaya da maƙeri da mai magani, wato a cikin waɗanda gari ba ya tafiya sai da su. Ta yaya aka taso daga nan har aka kai ga birnin da ake jin kunyar ambaton giya a cikinsa, wannan ita ce tambayar wannan maƙala.

Ba za a fahimci hukuncin malamai ba sai an san mece ce giyar da suka tarar. Ta dawa ce, wani lokaci ta gero. Ana jiƙa hatsin, a shimfiɗa shi a rufe da ganye ana yayyafa masa ruwa har ya yi tsiro cikin kwana huɗu ko biyar, a shanya, a niƙa, a dafa a manyan tukwane, a bari ya yi tsami, a sake dafawa. Idan ya huce sai a zuba ragowar tsohuwar giya, washegari ko jibi ya taso da kumfa. Masu yin ba su san cewa wata ƙwayar halitta ce mai rai, wadda muke kira yis a yau, take cin zaƙin tsiron ta mayar da shi abin maye ba. Turawa ma ba su tabbatar da haka ba sai bayan binciken Pasteur a tsakiyar ƙarni na 19. Abubuwa biyu ne suka shafe mu a nan. Na farko, babu wani abu a cikin tukunyar da ba a samunsa a ɗakin girkin kowace Musulma: dawar tuwo ce, tsiron kuma shi ne ake sa wa kunun zaƙi. Na biyu, wannan giya ba ta ajiyuwa. Bayan 'yan kwanaki takan lalace ta koma tsami tsantsa, saboda haka inda aka dafa ta nan ake shanye ta. Ba a ɗora ta a kan jaki zuwa Gwanja kamar kanwa ko baƙin Kano.

Ta fuskar nassi, malaman da suka shigo Kano tun daga Wangarawan zamanin Sarki Yaji (1349-1385) ba su tarar da mas'ala sabuwa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Musa al-Ash'ari, Allah Ya yarda da shi, ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da abubuwan sha biyu na mutanen Yaman, bit'u da ake yi da zuma da mizru da ake yi da hatsi, aka ba shi amsa da ƙa'ida gamammiya wadda ta rataya haramci a kan sa maye. A cikin Muwaɗɗa kuma Imam Malik ya kawo hani game da gubaira'u, ya tambayi Zaidu ɗan Aslam ma'anarta, ya fassara masa ita da uskurka, wadda masana lugga suka ce giyar hatsi ce ta mutanen Habasha. Ke nan 'yar'uwar burkutu tana da suna a littafin da malaman Madabo suke karantarwa. Mazhabar Malikiyya ba ta bambanta ruwan inabi da na dawa ba: abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, haddin mai sha kuma bulala tamanin, kamar yadda kowane ɗalibin Risala ya sani. Da a ce fiƙihun Kufa ne ya riga isowa, da an sami wata kafa, domin an ruwaito daga Abu Hanifa da Abu Yusuf sassauci a kan abin shan hatsi matuƙar bai kai ga maye ba, ko da yake Muhammad ash-Shaibani ya saɓa musu, kuma a kan maganarsa Hanafawan baya suka yi fatawa.

Wahalar tana wajen iyaka, tun da kayan haɗin ɗaya ne. Kunun zaƙi da ya kwana yakan yi tsami, fura ma haka, kuma babu malamin da ya haramta su, domin tsami daban, maye daban. Ma'aunin da sunna ta bayar na lokaci ne da na alama: Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, bayan nan a bayar ko a zubar. Akwai kuma karhancin da Malikiyya suka riƙe na yin tsimi a cikin dubba'u, wato duma, saboda yana gaggauta tasowar abin da ke ciki. Nakan yi mamakin yadda muke karanta wannan babi kamar labarin wata ƙasa, alhali dubba'u ɗin shi ne gora da ƙwaryar da ke rataye a gidajenmu.

Hukunci abu ne, siyasar zartar da shi a garin da rabin mutanensa ba Musulmi ba ne wani abu ne dabam. A nan ne wasiyyar Shehu Muhammad ɗan Abdulkarim al-Magili ga Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) take da muhimmanci. Ya rubuta ta a shekarar 897 ta Hijira, wajen 1492, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma ya ciro ta a cikin Tanbihul Ikhwan. Al-Magili ya umarci sarki da ya hana mutanensa shirka da tsiraici da shan giya da cin mushe. Da ya zo kan waɗanda ba Musulmi ba, sai ya ce a hana su bayyana waɗannan abubuwa a tsakanin Musulmi, a kasuwanni da gidaje, ya kuma kawo dalili: suna cuɗanya da Musulmi, idan aka bar su suna yi a fili, masu raunin fahimta da yara za su kwaikwaya. Mai lura zai ga cewa bai ce a bi su ƙauyukansu a farfasa tukwane ba. Abin da ya sa wa ido shi ne bayyanarwa, hujjarsa kuma toshe kafar ɓarna. Wasiyyar ta kuma nuna mana, ba tare da nufi ba, cewa shekara ɗari da wani abu bayan Yaji ana shan giya a fili a Kano, a daidai zamanin da aka kafa kasuwar Kurmi.

A ganina wannan tsari ya yi aiki ne saboda ya dace da ɗabi'ar giyar kanta. Tun da ba ta tafiya, raba wuri ya isa ya raba ta da mutane. Bayan jihadi, da Kano ta shiga ƙarƙashin Sakkwato a wajen 1807, an bar Maguzawa a matsayin 'yan amana masu biyan jiziya, giya kuma ta zauna tare da su a karkara. A can tana da gurbi a gayya, inda mai gona ke sallamar waɗanda suka taya shi noma da ita, da biki, da makoki, da tsafi, kuma mata ne ke dafa ta suna samun kuɗin kansu. Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya tarar da ita a tsakiyar rayuwarsu. Saboda haka Bamagujen da ya musulunta ba ƙoƙo kaɗai yake ajiyewa ba. Yakan fita daga gayyar danginsa, matarsa kuma ta rasa sana'arta. Masu wa'azin karkara da suka yi nasara su ne waɗanda suka gane wannan nauyi.

Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903 suna ɗauke da yarjejeniyar Brussels ta 1890, wadda ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan da ba ta riga ta yaɗu ba, Arewa kuma tana ciki. A zahiri wannan ya yi daidai da bukatar sarakuna. Amma jirgin ƙasa ya iso, aka kafa Sabon Gari a 1913 domin baƙi, a wajen ganuwa, aka kuma bi da dokokin lasisi. Aka sake raba wuri ke nan, sai dai wannan karon tazarar ba ta wuce tafiyar ƙafa ba. Abin da ke cikin kwalbar ma ya sauya. Giyar Turai ta sha'ir ce, ana sa mata furen wani tsiro mai ɗaci da Larabawan zamani ke kira hashishatud dinar, Turawa kuma hofs, wanda ke hana ta saurin lalacewa. A tace ta, a gasa ta a cikin kwalba, ta yi watanni. Kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1963. Abin da a da sai an tara unguwa an hura wuta kwana da kwanaki, wanda hayaƙinsa da warinsa ke tona shi, yanzu mutum ɗaya zai sa shi a ƙarƙashin riga ya shigo da shi ta Ƙofar Mata. Daga nan doka ta koma bin mutum da abin da ya ɗauko: kundin Final Kod na 1960 ya keɓe Musulmi da hukuncin shan giya, Jihar Kano ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, aka kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, aikinta da aka fi gani kuma shi ne tare motoci da farfasa kwalabe.

Akwai wani juyi da ba mu ba shi haƙƙinsa na nazari ba. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, sai masana'antun giya suka koma ga dawa. Hatsin Bugazau ya koma tukunya, amma ta ƙarfe, kuma mafi yawan masu noma shi Musulmi ne. Malikiyya sun haramta sayar da inabi ga wanda aka san zai matse shi ya yi giya, kuma babu bambanci tsakanin inabi da dawa a wannan. Sai dai malamanmu na da sun sawwara mai saye ɗaya da aka san shi, aka san nufinsa. Manomin Bichi ko Ɗambatta kuwa ɗan kasuwa yake sayar wa, shi kuma ya kai Dawanau, dillali ya haɗa wa wakili tirela, ta tafi masana'antar tsiro wadda ke sayar wa masu giya da masu lemon malt marar maye daga rumbu ɗaya. A wane mataki ne zato ke zama sani, wa kuma sanin ya hau kansa, manomi ko dillali ko wakilin da takardar oda ke hannunsa? Wani ɗan kasuwar hatsi ya taɓa yi mini wannan tambaya bayan karatun Iziyya, na ce masa wakilin da ya ga sunan kamfanin a takarda ba shi da uzuri, manomi kuma babu komai a kansa. Da ya ce shi dillali ne, sai na roƙe shi ya ba ni mako guda in yi bita.