Dante Alighieri a kan sarki da ambulan ranar farko

Kan sarkin tunawa da Dante Alighieri su ne waɗanda hukumomin gidan waya na ƙasashe daban-daban suka buga domin girmama marubucin waƙoƙin nan na ƙasar Italiya. An haifi Dante a birnin Florence a shekarar 1265, an yanke masa hukuncin kora daga garin a 1302 saboda rikicin siyasa, ya kuma rasu a Ravenna a watan Satumba na 1321. Ya yi fice da littafinsa Divina Commedia, doguwar waƙa mai babi 100 a kan Wuta, Wurin Tsarkakewa da Aljanna. Da yake ya rubuta ta da karin harshen yankin Tuskani maimakon Latin, ana kiran sa uban harshen Italiyanci. Mafi yawan waɗannan kan sarki sun fito ne a shekarun zagayowar haihuwarsa ko rasuwarsa, musamman 1921, 1965 da 2021.

Ambulan ranar farko

Ambulan ranar farko ita ce ambulan da aka manna wa sabon kan sarki, gidan waya ya buga mata hatimi a ranar da aka fara sayar da shi. Abubuwa uku ake dubawa a jikinta: kan sarkin, hatimin da ke ɗauke da kwanan wata da sunan gari, sai zanen ado da aka saba yi a gefen hagu. Hatimin shi ne hujja. Idan kwanan watan ya wuce ranar farko, ko da kwana ɗaya ne, ambulan ta zama ta yau da kullum a wurin masu tara kan sarki, komai kyan zanenta. Zanen kuwa sau da yawa kamfanoni da ƙungiyoyi ne ke yin sa, shi ya sa kan sarki ɗaya kan fito da ambulan iri-iri.

Italiya kafin yaƙin duniya na biyu

A 1921, lokacin da Dante ya cika shekara 600 da rasuwa, Italiya ta fitar da kan sarki uku na santesimi 15, 25 da 40. Ƙasar ba ta wuce shekara 60 da haɗewa ba, kuma jama'a da dama suna magana ne da karin harsunan yankunansu, don haka aka riƙi Dante a matsayin alamar harshe ɗaya da ƙasa ɗaya.

A 1932, zamanin mulkin Benito Mussolini, an buga jerin kan sarki 12 masu hotunan marubutan Italiya, irin su Boccaccio, Petrarca da Machiavelli. Dante ne a kan mafi tsadarsu, na lira 10 da ƙarin lira 2.50. Ƙarin kuɗin na tallafa wa Ƙungiyar Dante Alighieri ne, wadda aka kafa a 1889 domin yaɗa Italiyanci a ƙasashen waje.

Shekarar 1965

Cikar shekara 700 da haihuwar Dante ta sa ƙasashe da yawa sun buga kan sarkinsa, kowace da abin da take son nunawa. Italiya ta fitar da guda huɗu, na lira 40, 90, 130 da 500. San Marino ma ta fitar da huɗu, waɗanda aka ɗauko hotunansu daga zane-zanen Gustave Doré na ƙasar Faransa.

Fadar Vatikan ta fitar da nata huɗun, duk da cewa Dante ya soki wasu fafaromomi a waƙarsa, har ya sanya Nicholas na III a cikin Wuta. A watan Disamba na shekarar, Fafaroma Paul na VI ya rubuta wasiƙa ta musamman yana yabon Dante a matsayin marubucin Kirista.

Amurka ta fitar da kan sarki na santi 5, wato kuɗin aika wasiƙa a cikin ƙasar a lokacin, wanda Douglas Gorsline ya zana. An fara sayar da shi ranar 17 ga Yuli, 1965, a San Francisco, birnin da ke da tsohuwar unguwar 'yan asalin Italiya. Ambulan ranar farko ta wannan kan sarki tana ɗauke da hatimin San Francisco da wannan kwanan wata.

Tarayyar Sobiyet da Romaniya da Jamus ta Gabas sun buga nasu a wannan shekara, haka ma Malta da Ajantina da Meziko. Wannan ya faru ne ana tsakiyar yaƙin cacar baka, amma ɓangarorin biyu duk sun girmama mutum ɗaya. Jamus ta Yamma ta fitar da nata a 1971, a cikar shekara 650 da rasuwarsa.

Shekarar 2021

A cikar shekara 700 da rasuwar Dante, Italiya da Vatikan da San Marino sun sake fitar da sababbin kan sarki. Kafin nan, a 2020, gwamnatin Italiya ta ware 25 ga Maris na kowace shekara a matsayin ranar Dante.

Siffar Dante

Fuskar da ake gani a yawancin kan sarkin iri ɗaya ce: an zana shi ta gefe, da dogon hanci mai lanƙwasa, da hula, da kambin ganye a kai. Ta samo asali ne daga bayanin da Boccaccio ya yi a tarihin rayuwar Dante, da kuma zanen Botticelli da na Raphael, waɗanda aka haifa fiye da shekara 100 bayan rasuwarsa. Zanen Raphael ne kuma aka yi amfani da shi a kan sulallan Yuro 2 na Italiya.

Daraja a kasuwa

Ambulan na 1965 ba su da tsada sosai, domin an yi su da yawa, kuma masu saye sun adana su tun daga farko. Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙarancin zanen ado, tsabtar hatimi da lafiyar takardar. Ambulan da aka haɗa mata cikakken jerin kan sarkin wata ƙasa, dukkansu da hatimin ranar farko, ta fi mai guda ɗaya daraja.