Tsoffin Wuƙaƙen Gwandu da Kalgo: Daga Maƙera Zuwa Aljihu

A Turai da Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara tsoffin wuƙaƙen aljihu. Suna da ƙungiyoyi da mujallu da kasuwannin baje koli, kuma suna kashe kuɗi mai yawa a kan wuƙa guda saboda tambarin da ke jikinta. A Gwandu da Kalgo ba haka abin yake ba. Nan tsohuwar wuƙa gado ce. Tana cikin adakar kaka, ko zabirar wanzami, ko gafakar malami, kuma mai ita ba ya kiran kansa mai tara kayan tarihi. Abin da zai ce kawai shi ne, "Ta baba ce."

Wanda yake son fahimtar waɗannan ƙarafa sai ya koma 1805. A shekarar ne jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka ci Birnin Kebbi, suka mai da Gwandu sansaninsu, suka sha wuya a yaƙin Alwasa, sannan suka kore abokan gaba daga bakin Gwandu. A 1812 Shehu ya raba jagorancin daula, yamma ta faɗa hannun ƙanensa Malam Abdullahi, gabas kuma hannun ɗansa Muhammadu Bello. Daga nan ƙasar Gwandu ba ta samu hutu sosai ba, musamman bayan Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabawa a 1849, aka shiga shekaru na kai hari da ramuwa tsakanin Gwandu da Argungu. Garin da ke zaune a bakin daga kuwa ba ya rayuwa sai da maƙera. Su ke ƙera bakin kibiya da mashi da linzami, su ke ƙera wuƙar damtse, wadda ake ɗaura kubenta a hannun hagu ƙarƙashin riga.

Maƙera iri biyu ne. Maƙeran baƙi su ne masu aikin baƙin ƙarfe, maƙeran fari kuma masu azurfa da tagulla. Kafin ƙarfen Turawa ya wadata, sai an haƙo tama an narkar da ita kafin a samu abin dukawa. Maƙeri ya zauna gaban uwar maƙera, yaro na jan zuga-zugi, gawayin ƙirya na ci. Ya damƙo ƙarfen da awartaki, ya bi shi da masaba har ya miƙe ya fitar da baki, sannan ya tsoma shi a ruwa don ya yi ƙarfi. Daga hannunsa wuƙar za ta wuce wurin baduku, wanda zai ɗinka mata kube da jar fatar akuyar Sakkwato, fatar da ta yi suna har Turai. Ke nan wuƙa ɗaya aikin gidaje biyu ce ko uku, kuma idon da ya saba yana iya raba aikin kowane.

Ba duk ruwan takobi ne aikin gida ba. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ruwan takubba kimanin 50,000 ake shigowa da su kasuwar birnin duk shekara, akasarinsu daga garin Solingen na Jamus, ta hanyar Sahara. Ya kuma ambaci asake daga yankin Styria na Ostiriya. A nan gida ake yi wa takubban mariƙi da kube, fatake su bazu da su. Wannan Barth ɗin ya sauka Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu, kuma a garin ne ya samu kwafin littafin Tarikhus Sudan. Shi ya sa ake ganin tsohon takobi mai mariƙin Hausa ko na Buzaye, amma jikinsa ɗauke da tambarin Turai, kamar kerkeci mai gudu ko jinjirin wata guda biyu. Maƙeran gida ma sun riƙa buga irin waɗannan alamomi a kan nasu aikin, don masu saye sun ɗauke su shaidar nagarta.

Sai dai ƙananan wuƙaƙe sun fi takubba kusa da rayuwar yau da kullum, kuma su ne aka fi mantawa da su.

Gwandu garin karatu ne. Malam Abdullahi ya bar littattafai masu yawa, cikinsu har da tafsirinsa Liya'ut Tawili da Tazyinul Waraƙati, kuma duk da hannu aka yi ta kwafe su. Kowane mai kwafa yana da 'yar wuƙarsa ta fiƙe alƙalami. Ya ɗauki sillen gamba ko kara, ya sheme bakinsa, ya tsaga tsakiya kaɗan yadda zai riƙe tawada, ya gwada a kan allo. Idan bakin ya dakushe ya sake fiƙewa. Irin wannan wuƙa ba ta wuce tsawon yatsa ba, mariƙinta ya yi sumul saboda shekarun da ya yi a tafin hannu, bakinta kuma ya rame saboda yawan wasawa. Ba ta da ado ko kaɗan, amma da ita aka yi alƙaluman da suka rubuta abin da masana ke karantawa a yau.

Haka askar wanzami. Da ita ake askin jariri ranar suna, da ita ake kaciya, da ita a da ake tsagen da ke nuna Bakabe ko Bagobiri. A gidajen wanzamai zabira tana sauka daga uba zuwa ɗa, tare da ƙaho da sauran kayan aiki. Yanzu da reza da asibiti suka karɓe yawancin aikin, tsoffin asake sun koma kwance a ƙasan zabira.

Wuƙa mai naɗewa, wadda ake sakawa a aljihu, ta yawaita ne bayan zuwan Turawa a 1903, musamman lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuma kantunan kamfanoni irin su John Holt da UAC suka bazu a Arewa. Akwai na Sheffield ta Ingila. Akwai Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Solingen a 1902 domin kasuwannin Afirka, kafin a mai da masana'antar Afirka ta Kudu a 1988. Faransawa suna da Opinel tun 1890 da Douk-Douk tun 1929, wadda ta samu karɓuwa a ƙasashen da suka mallaka. Da yake Jihar Kebbi, inda Gwandu da Kalgo suke, tana maƙwabtaka da Nijar da Benin, mai duba tsoffin kaya a wannan yanki ya kamata ya san tamburan ɓangarorin biyu.

Tambarin nan shi ne mabuɗin sanin shekaru, kuma yana gindin ruwan wuƙa, dab da mariƙi. Okapin da ke ɗauke da sunan Jamus ta girmi mai sunan Afirka ta Kudu. Wadda aka rubuta wa Jamus ta Yamma an yi ta ne tsakanin 1949 da 1990. Wadda kuma aka yi da ƙarfen da ba ya tsatsa ba za ta girmi 1913 ba, shekarar da Harry Brearley ya gano shi a Sheffield. Wuƙar gida ba ta da irin wannan rubutu, don haka shekarunta suna bakin dattijon da ya san wanda ya ƙera ta da wanda ya fara riƙe ta.

A nan ne asarar take. Abu biyu ke cinye tsoffin wuƙaƙe. Na farko injin wasa wuƙa, musamman gab da Babbar Sallah, lokacin da ake fito da duk wani abu mai baki domin layya. Minti kaɗan a kan dutsen injin ya isa ya share tambarin da ya shekara 100. Na biyu 'yan gwangwan, masu sayen ƙarfe a kan sikeli, waɗanda ba ruwansu da wanda ya ƙera. Magada sukan raba gona da gida cikin natsuwa, amma su bar kwandon "tsoffin ƙarafa" a hannun yara.

Ƙasar Hausa ta san darajar irin waɗannan kaya. Daura na riƙe da takobin da ake danganta wa Bayajida, Katsina na riƙe da Gajere, wanda ake danganta wa Korau. Gidan Tarihin Kanta a Argungu da Gidan Tarihin Waziri Junaidu a Sakkwato suna ajiye da makaman zamanin da. Masanin nan A. D. H. Bivar ya wallafa littafi a kan makaman Arewa tun 1964. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba. Duk da haka hankali ya fi karkata ga kayan sarakuna, an bar na malami da wanzami da mahauci.

Adana su ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A goge ƙura da busasshen ƙyalle, a shafa mai kaɗan, kada a kankare da yashi, kada kuma a bar wuƙa cikin kuben fata duk tsawon damina, don fata na riƙe danshi. Sannan a ɗauki takarda a rubuta sunan mai ita na farko, da sana'arsa, da garin da aka ƙera ta ko aka saye ta, a ɗauki hoton tambarin da waya. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, tana da mazauni a Kalgo, kuma ɗalibanta masu neman abin bincike za su iya fara wannan aiki daga gidajen maƙera da wanzamai da ke kusa da su, tun dattawan da suka san masu wuƙaƙen suna raye.