Daga Ido Zuwa Ƙeya: Tarihin Gano Hanyar Gani da Ji, da Darasin Gubar Dalma a Zamfara

Yau shirin namu na tarihi ne. Za mu bi sawun yadda masana suka gano abin da ke faruwa a jikin ɗan Adam daga lokacin da haske ya shiga idonsa, ko ƙara ta shiga kunnensa, har ya zuwa sa'ar da zai ce "na gani" ko "na ji". Daga nan sai mu dawo gida Zamfara, mu ga yadda wannan ilimi ya shafi 'ya'yanmu kai tsaye.

A zamanin da, masana sun daɗe suna gardama a kan inda ji da gani suke taruwa. Aristo, babban malamin nan na ƙasar Girka, yana ganin zuciya ce matattararsu. Likita Jalinusa, wanda ya zo bayansa da ɗaruruwan shekaru, ya ce ƙwaƙwalwa ce, domin ya bi jijiyoyin dabbobi ya ga can suke nufa. Game da gani kuwa, da yawa sun ɗauka wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓo abin da ake kallo.

Wanda ya warware wannan magana shi ne wani malami Musulmi, Alhasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekarar 965, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A littafinsa Kitabul Manazir ya nuna cewa haske daga waje yake zuwa ya shiga ido. Hujjarsa mai sauƙi ce: wanda ya kalli rana idonsa zai yi zafi, kuma ko ya rufe idon zai ci gaba da ganin tabon hasken na ɗan lokaci. Ya kuma yi gwaji da ɗaki mai duhu wanda haske ke shiga ta ƙaramar kafa, irin yadda kuke ganin tsinken haske yana ratsa ɗaki da hantsi ta ramin ƙyaure. Sannan ya ƙara da cewa ido yana karɓa ne ya miƙa, ƙwaƙwalwa ce ke yanke hukuncin ko mene ne aka gani.

To, da me ake miƙa saƙon? Sai da aka shafe fiye da shekara 800 kafin a ga amsar da ido. A 1873 wani likita ɗan Italiya, Kamilo Golji, yana aiki a ɗakin girkin wani asibiti da ya mayar wurin bincike, ya gano wani rini mai sinadarin azurfa. Idan aka rina ɗan yankin ƙwaƙwalwa da shi, aka duba a madubin ƙara girman abu, sai a ga wasu ƙwayoyi baƙaƙe masu rassa kamar bishiyar kuka da rani. Wani likitan ƙasar Sifen, Santiyago Ramon Kahal, ya ɗauki wannan rini ya yi shekaru yana zana abin da yake gani da hannunsa. Shi ne ya tabbatar da cewa kowace ƙwayar jijiya zaman kanta take, tana da 'yan rassa da take karɓar saƙo da su, da dogon reshe guda da take aikawa da shi. Golji bai yarda ba, shi yana ganin duk a haɗe suke kamar koma. A 1906 aka ba su kyautar Nobel tare, suna kan saɓaninsu. Na'urorin da aka ƙera daga baya sun nuna Kahal ne ke da gaskiya. A 2009 kuma wata masaniya 'yar ƙasar Barazil, Suzana Hakulano-Huzel, da abokan aikinta suka ƙidaya cewa ƙwaƙwalwar mutum baligi na ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyi kusan biliyan 86. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci.

Saura a san yaren da ƙwayoyin ke magana da shi. A shekarun 1920 wani Bature ɗan Ingila, Edga Adiriyan, ya saurari jijiya guda ɗaya da na'ura, ya ji tana aika saƙo da ɗan bugun lantarki. Abin mamaki, kowane bugu ƙarfinsa ɗaya da ɗan uwansa, yawansu ne ke bambanta. Ku ɗauki misalin daka. Idan kika ji taɓarya na sauka jefi-jefi a maƙwabta, kin san mutum ɗaya ce ke ɗan sussuka. Idan kika ji lugude ya kankama ba ƙaƙƙautawa, kin san akwai hidima a gidan. Haka ƙwaƙwalwa ke gane bambancin ɗumin ruwan wanka da zafin garwashi: bugu kaɗan-kaɗan, ko bugu a jere da sauri. A manyan jijiyoyi saƙon yakan yi gudun da ya kai mita 100 cikin daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa idan hannunki ya taɓa tukunya mai zafi, kin riga kin fizge shi kafin ki ce "wayyo". Lakar gadon baya ce ta ba da umurni tun saƙon bai ƙarasa sama ba.

Tsakanin ƙwaya da ƙwaya kuwa akwai ɗan gibi. Idan bugun ya iso bakin gibin, sai ƙwayar farko ta saki wani sinadari ya tsallaka, kamar yadda kike miƙa wa maƙwabciya gishiri ta kan katanga. Sinadarin kalsiyam, wanda ake samu a nono da madara, shi ne mabuɗin da ke sa a saki wannan saƙo. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Kowace kafa da unguwarta a cikin kai. Saƙon ido yana bin jijiya mai zare kusan miliyan ɗaya ya sauka a bayan kai, wajen ƙeya. Don haka mutum na iya buguwa a ƙeya ya rasa gani alhali idonsa garau. Saƙon kunne yana farawa ne a wani ɗan ƙashi mai siffar dodon koɗi, inda wasu ƙwayoyi masu gashi-gashi ke kaɗawa idan ƙara ta shigo, sannan ya sauka a gefen kai. Waɗannan ƙwayoyi idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Ciwon sanƙarau na cikin abubuwan da ke kashe su. Manya daga cikinku ba su manta annobar 1996 ba, ga kuma ta 2017 wadda ta fi tsanani a nan Zamfara. Wasu yaran sun tashi daga ciwon, amma sun tashi kurame. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafin da ke kare nau'i biyar na ƙwayar sanƙarau. Idan ma'aikatan rigakafi suka yi sallama, a tuna da wannan.

Binciken da ya fi shafar mai goyo shi ne na wasu masana biyu a Amurka, Dauda Hubel da Tosten Wizel. Daga 1959 suka fara nuna cewa a ƙeyar kyanwa akwai ƙwayoyin da ba sa motsi sai sun ga layi a tsaye, wasu kuma sai layi a kwance ko a karkace, kuma daga irin waɗannan gutsattsari ƙwaƙwalwa ke harhaɗa cikakken hoto. A farkon shekarun 1960 suka rufe ido ɗaya na 'yan kyanwa sabbin haihuwa na wasu watanni. Da aka buɗe, idon lafiyarsa ƙalau, amma kyanwar ba ta gani da shi, domin ɗayan idon ya riga ya mamaye wurinsa a ƙwaƙwalwa. Da suka yi wa babbar kyanwa haka, ba abin da ya same ta. An ba su kyautar Nobel a 1981.

Darasin a fili yake, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hanyoyin gani da ji ana shimfiɗa su ne a watanni da shekarun farko, kuma amfani da su ne ke ƙarfafa su. Uwar da ta ga fari a tsakiyar baƙin idon jaririnta kada ta jira a yaye shi. Yana iya zama yanar ido, wadda aikinta ya fi kyau tun cikin makonnin farko, wani lokacin ma alamar ciwon daji ce. Haka yaro mai harara-garke, ko jaririn da ba ya firgita idan kwano ya faɗi kusa da shi, ko wanda ya kai wata uku ba ya bin fuskar uwarsa da ido. A nemi izinin maigida a kai shi asibiti. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, akwai kuma manyan asibitocin ido a Kaduna da Kano idan an tura ku can.

Yanzu mu dawo gida. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani, shiru. Sai da aka auna jini sannan aka gane gubar dalma ce.

Ga yadda abin ya faru. Farashin zinari ya tashi a duniya a waɗannan shekaru, maza suka duƙufa haƙa. Dutsen da suke haƙowa yana da dalma mai yawa a jikinsa. Ana kawo shi cikin gida, mata su farfasa, su daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta bi ƙasa da tabarmi da kwanukan abinci. Yaro mai rarrafe kuwa, kun sani, duk abin da hannunsa ya taɓa baki zai kai. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta taimaka aka yi a ƙauyuka biyu a 2010 ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu, kuma mafi yawansu sun yi jijjiga kafin rasuwa. Jimillar yaran da aka rasa a yankin ta kai aƙalla 400. Sunayen Dareta da Abare da 'Yargalma da Sunke da Bagega sun zaga duniya a kan wannan musiba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyayensu haƙuri.

Me dalma ke yi wa ƙwaƙwalwa? Kun tuna kalsiyam, mabuɗin nan na bakin gibi? Dalma tana shiga jiki ne da kamarsa, sai jiki ya karɓe ta hannu biyu, ta je ta zauna a mazauninsa ta dagula saƙon. Tana kuma toshe wasu ƙofofin da ƙwayoyi ke amfani da su wajen koyo da riƙe abu. Idan ta yi yawa ƙwaƙwalwa kan kumbura, shi ne jijjiga da suma. Cikin yaran da suka rayu akwai waɗanda suka makance, wasu suka kurumce, wasu suka kasa tafiya ko magana. Ko kaɗan ce ta shiga, tana rage kaifin fahimtar yaro ba tare da an ga wata alama ba, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma da za a ce ba shi da illa. Mai juna biyu ma tana iya miƙa wa ɗan da ke cikinta.

An yi aiki ba kaɗan ba. Daga 2010 aka riƙa kankare ƙasar gidaje ana kwashewa, ana zuba sabuwa. Bagega ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikinta. An yi wa dubban yara magani mai fitar da dalma daga jini, kuma a 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha. Sai dai maganin yana rage guba ne, ba ya dawo da ƙwayar da ta riga ta lalace. A 2015 kuma irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Akwai wata ƙofar dalmar da ta fi kusa da mu, wato kwalli. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Nijeriya. Da aka bincika, sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na kwallin dalma ce. Na san kakanni za su ce da shi aka rene mu, kuma don ƙauna suke sa wa jika. Amma Inna, ki yi haƙuri, jariri yana murza ido ya tsotsi yatsa, kuma da ido ba a bambance tozali mai dalma da marar dalma. A bar idon jariri haka nan, ya fi zama lafiya.

Saboda haka, 'yan uwa, ga abin da ke hannunmu mu na cikin gida. Dutsen haƙa kada ya ƙetare zaure. Turmi da taɓarya da injin da suka taɓa shi kada su sake taɓa hatsi. Idan maigida ko ɗanki yana zuwa wurin haƙa, ki lallashe shi ya yi wanka ya sauya tufafi da takalmi kafin ya ɗauki yaro, kuma a wanke kayan aikinsa daban. A yayyafa ruwa kafin shara, a wanke hannun yara kafin cin abinci. Yaron da ke samun nono da wake da ganye irin su zogale, jikinsa bai cika zuƙar dalma kamar na mai yunwa ba. Idan yaro ya yi jijjiga, a yi addu'a a kuma garzaya asibiti, a gaya wa likita idan akwai mai aikin zinari a gidan. Sannan ki riƙa yi wa jaririnki magana da wasa, kina kallon idonsa, domin muryarki da fuskarki na cikin abubuwan farko da ke shimfiɗa waɗannan hanyoyi a kansa.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya kare mana jinsu da ganinsu da hankalinsu. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.